Wufar Yaya da Geron Baba

A gidanmu na Tarai ba a kunna rediyo don a san ranar shuka, bayan Baba ake saurare. Idan bazara ta kai ƙarshe, zafi ya hana kowa sakat, sai ya sa a shimfiɗa masa buzu a cikin ɗakinsa, ya jingina da bangon gabas, ya yi shiru abinsa. Yanar ido ta daɗe da rufe masa gani, kunnensa kuma sai ka ɗaga murya kamar kana kiran wani a hayin rafi kafin ya ce na'am. Amma rugugin cida, tun yana can nesa inda mu masu lafiyayyen kunne ba ma jin komai, shi yana jin sa a ƙashin bayansa. Sai ya ce, "An fara motsi a gabas, ku duba sungumi." Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya faɗi zuwan ruwa sannan ruwan ya ba shi kunya ba.

Shi ya sa yake yin binne hankalinsa kwance. Kowa ya san binne kasada ce. Ka zuba iri a busasshiyar ƙasa, in ruwan kirki ya biyo baya ka riga kowa, in ya yi jinkiri zabi da tururuwa su sha biki. Mafi muni shi ne ɗan yayyafi ya zo ya ta da irin, sannan rana ta dawo ta ƙone tsiron, ka tashi ba iri ba shuka.

Abin da Baba yake binnewa kuwa wani gero ne mai gashi da ya gada a wurin kakanmu. Zangarniyarsa doguwa ce, tsuntsu ba ya iya zama a kanta saboda gashin yana tsokane masa ido, furarsa kuma in ka sha sau ɗaya ka daina ganin ta kasuwa da daraja. Mutanen yankinmu duk sun koma masara da waken suya, daga Kibiya har Rano ban san wani gida da ya rage da wannan geron ba sai namu. Daminar da ta gabaci wadda nake ba da labarinta, tsutsa ta shiga gonar ta cinye kawunan, abin da muka tsira da shi bai wuce 'yan zangarnu ba. Baba ya murje su da hannunsa, ya gauraya da toka, ya ɗura a wani tsohon gora, ya toshe bakin da tsumma, ya sa na rataye masa a saman inda yake kwana. A iya sanina, duk abin da ya rage na geron kakanmu a duniya yana cikin wannan goran.

Yayana shi ne ɗan fari, kuma wanda ya san gidajenmu ya san abin da hakan yake nufi. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, "wancan" yake ce masa. Ba sa zama su yi hira. In akwai magana ni ne ɗan aike tsakaninsu, ko da kuwa suna tsakar gida ɗaya. Sashen Yaya kuma, tun ranar da aka kawo matarsa ƙafar Baba ba ta taka ƙofarsa ba. Ba faɗa suka yi ba, kunya ce kawai irin ta mutanen da. Ɗakin zaman Yaya yana gabas da ɗakin Baba, bango ɗaya na ƙasa ne ya raba su.

A shekarar cinikin waken suya ya yi wa Yaya daɗi, sai ya sa sola, ya rataye talabijin a bango. Ba a jima ba ya fara ƙorafi, wai muryar talabijin ɗin kamar kukan sauro. Ashe ya taɓa shiga gidan wani abokin cinikinsa a Kano ya kalli fim ɗin yaƙi da hom tiyata, wato saitin sifikoki irin na gidan sinima, ya dawo da ciwon abin a ransa. Wata ranar kasuwar Rano sai ga shi da babur a ƙofar makarantar da nake koyarwa a Kibiya, wai in hau in raka shi tunda ni nake karanta Turancin jikin kwali.

Na ce, "Haba Yaya, mutumin da ƙofar garejinsa take ɗaure da igiya shi ne zai sayi tiyata?"

Ya ce, "Hau, malam. Ba wa'azi na zo nema ba."

Shagon wani ɗan tsukukun wuri ne kusa da tasha, sababbin kaya a gaba, 'yan kwatano a jibge a baya. Mai shagon mutum ne mai fara'a da yawan magana. Idon Yaya ya fara sauka a kan wani sabon saiti a kwali: 'yan sifikoki biyar kamar gwangwanin madara, da wata 'yar wufa, wato akwatin da ke fitar da sauti mai zurfi, mai fitilu ja da shuɗi suna ƙyafta ido. Na karanta masa ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalin, lambar da in da gaskiya ce ta isa ta juya injin niƙa. Mai shago ya yi dariya ya ce, "Malam, bar karatun nan, ɗaga ka ji." Na ɗaga wufar da hannu ɗaya, ba nauyi ko kaɗan. Ya ce sifika nauyinta ake saye, don maganaɗisun da ke ciki shi ne aikin, fitila kuwa ta yara ce.

Sai ya jawo wata baƙar amfilifaya ta hannu, mai ƙara wa sifikoki ƙarfi, daga ƙasan kantar shagon, duk jikinta ƙarce, da nauyi kamar dutsen niƙa. Ya juya bayanta ya nuna mini ramin da wayar talabijin za ta shiga, da jerin inda ake ɗaura wayoyin sifikoki. Ya ce in duba 'yar lambar da ke bayan kowace sifika in gwada da wadda ke bayan amfilifayar, in ba su dace ba za ta yi zafi ta riƙa ɗaukewa a tsakiyar kallo. Na duƙa ina duba lambobi, gumi yana shiga mini ido, Yaya kuwa yana tsaye yana shafa kwalaye kamar mai zaɓen rago.

Abin da ke aljihun Yaya bai kai ya ɗauki komai da komai ba. Nan aka fara ja. Ni na ce a ɗauki amfilifayar da sifikoki biyar masu kyau a haƙura da wufa, tunda solarsa ƙarama ce, kuma gida ne na mutane, ba gidan kallo ba. Mai shago ya ce a'a, sifikokin baya kwalliya ne, ana iya ƙaro su baɗi. A ɗauki biyu na gaba, da ɗaya ta tsakiya don maganar 'yan fim ta fita sarai, ragowar duka a zuba a wufa. Ya ce, "Alhaji, in ba wufa, rediyo ka saya mai tsada." Yaya bai taɓa zuwa Makka ba, amma na ga kalmar ta shige shi.

Har ya fara karkata wajena, sai mutumin nan ya ce bari dai mu ji. Ya turo wata wufa daga lungu, baƙin akwati na katako mai kauri wanda ya kai mini gwiwa, mai wayar wutarta daban. Ya haɗa, ya sa wani fim daidai wurin da jiragen yaƙi suke tahowa daga nesa. Da farko ban ji komai ba. Sai na ga shayin da ke kan teburinsa yana rawa a cikin kofi. Daga nan abin ya shigo ta tafin ƙafata, ya hau gwiwa, ya zo ya zauna mini a ƙirji. Wata akuya da ke kwance a inuwar shagon ta miƙe ta bar wurin. A bakin titi wani mai tura ruwa ya tsayar da kurarsa, ya ɗaga kai yana duba sama, rana tsaka, ba ko ɗigon girgije. Muka yi masa dariya, har da ni.

Yaya ya ce, "Ita."

Mai shago ya raka mu har bakin babur da shawarwari. Kada a ɗora ta a kan tebur, a ajiye ta a ƙasa, a kusurwa, a manna ta da bango, don bango da ƙasa su ne za su ninka ƙarfinta kyauta. Kuma tana da cin wuta, batirin Yaya ƙarami ne, saboda haka ya riƙa kallonsa da rana, daga bayan azahar zuwa la'asar, lokacin da batir ya ƙoshi. Aka ɗaure amfilifaya da sifikoki a gaba, ni aka ɗora mini wufar a cinya. Kafin mu isa Tarai ƙafafuna sun mutu, na tsine wa fim ɗin yaƙi da wanda ya ƙirƙiro shi.

Kusurwa ɗaya ce babu kaya a ɗakin Yaya, ta yamma. Nan muka tura ta muka manna da bango, kamar yadda aka ce.

Bayan 'yan kwanaki na dawo daga makaranta da la'asar, na shiga gai da Baba. Na tarar da shi zaune cas a kan buzunsa, bayansa a jikin bangon gabas, fuskarsa a sake yadda na daɗe ban gani ba.

Ya ce, "Ka ji?"

Na duƙa kusa da kunnensa na ce, "Me, Baba?"

"An fara motsi a gabas. Bana da wuri za ta sauka."

Na leƙa waje. Sama ta yi fari fat, zafi kamar a bakin murhu. Daga tsakar gida ina jin harbe-harbe da ihun Turawa suna fitowa daga sashen Yaya, amma ban kawo komai a raina ba, don na san Baba ba ya jin wannan. Na dawo na zauna kusa da shi don in faɗa masa babu hadari, na jingina da bangon. Sai na ji shi a bayana. Wani rugugi mai zurfi, yana tahowa a hankali, ya yi ƙarfi, ya lafa, ya sake tahowa. Bangon ya tace harbin da ihun duka, wannan kaɗai ya bari ya wuce. Wallahi da ni ma makaho ne da na rantse cida ake yi. Na ɗaga kai na dubi goran da ke rataye a saman kanmu.

Na zagaya wajen Yaya na kashe masa kallon na faɗa masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "To ai ka ga ingancin kaya ke nan!" Na ce masa, "Yaya, goran." Dariyar ta tsaya. Ya ce Baba ba yaro ba ne, ya fi shekara nawa yana wannan abu, kuma ruwan ma ai ya kusa. Na ce ya ɗauke ta daga kusurwar. Ya ce ya riga ya kafe wayoyi a bango, amma zai rage ƙarfinta. Na ce to ya je ya yi wa Baba bayani da bakinsa. Ya dube ni kamar na ce ya yi tsirara a kasuwa. Ya ce, "Ni? In shiga ɗakin Baba in zauna in ce masa me? Ka san ban taɓa ba."

Ya rage ɗin, gaskiya. Amma labarin tiyatar Yaya ya riga ya zaga, abokansa har daga Unguwar Gai suke zuwa a kan babura, kuma babu wanda ya taho daga nesa don ya ji an rage. Ina makaranta ina koya wa yara jam'i da tilo, su suna can suna murɗa abin har ƙarshe. Kullum na dawo sai na tarar da Baba ya ƙara samun tabbaci. Ya ce kullum lokaci ɗaya yake tasowa, bayan azahar, kuma kullum daga gabas, daidai yadda ruwan shuka yake yi. Ya sa aka sauko masa da goran, ya ajiye shi kusa da ƙafarsa. Ya ce in kai sungumi wajen maƙeri.

Ranar da ya yi maganar maƙeri na ga ba makawa sai na faɗa masa. Irin maganar da ya kamata a yi wa uba a hankali ce, amma kunnen Baba ba ya karɓar a hankali. Haka na durƙusa a gabansa ina kwarara murya, mata suna jina a madafi, yaran maƙwabta suna jina ta katanga: "Baba, ba cida ba ne! Akwati ne! Akwatin sauti Yaya ya saya, yana bayan bangon nan!"

Ya ce, "Akwati?"

"Akwati, Baba! Na talabijin!"

Ya yi murmushi. Ya ce shi ya riƙe rediyo tun kafin a haife ni, ya san abin da akwati yake iyawa. Akwati yana magana, yana waƙa, amma bai taɓa jin akwatin da ke motsa ƙasa ba. Na sake kwarara masa bayani, har da faɗin yadda shayi ya yi rawa a kofi. Sai murmushin ya tafi. Ya ce, "Ido ya tafi, na haƙura. Kunne ya tafi, na haƙura. Abin da ya rage mini shi ne bayan nan, shi ma kuma ka zo a gaban mata ka ce ƙarya yake yi."

Na so in tashi in fita, amma goran yana nan kusa da ƙafarsa. Na ce to a gwada. Gobe war haka zan sa Yaya ya kunna, ya kashe, ya kunna, shi kuma ya faɗa mini abin da ya ji. Ya ce, "Na ba ka gobe."

Gari ya waye da girgije. Ba hadarin kirki ba, wani siririn mayafi ne mai toka-toka da ya rufe rana tun safe ya ƙi gushewa. Na baro makaranta da wuri na tarar da Yaya tsaye a gaban inbatar solarsa yana kallon fitilarta. Batir bai cika ba. Muka kunna talabijin, ta kama. Muka kunna amfilifaya, ta kama. Muna kunna wufa inbata ta yi wani ɗan kuka ta ɗauke gaba ɗaya. Muka cire firij, muka kashe fanka, muka sake gwadawa, ta sake ɗaukewa. Tirƙashi! Abin da ya yi ta girgiza gida lokacin da ba a so, yau da ake nemansa ya yi gum.

Na koma ɗakin Baba na tarar da maƙwabcinmu, wani dattijon Bafulatani da suka daɗe tare, yana faɗa masa a kunne cewa sama ta rufe, shanunsa ma tun safe suke ɗaga hanci gabas. Mutumin kirki ne, abin da ya gani ya faɗa. Baba ya juyo wajen da ya ji motsina ya ce, "Ina akwatin?"

Na ce babu wuta, girgije ya hana sola aiki, a jira rana ta fito.

Ya ce, "Girgije dai. To ka faɗa da bakinka. Na ba ka ranarka, gobe tawa ce. Ka faɗa wa wancan, da sassafe binne."

A gidanmu in Baba ya ce gobe, gobe ce. Da sassafe muka tafi, ni ina riƙe da sandarsa, shi yana rungume da goran. Muka zaunar da shi a gindin ɗorawa. Yaya ya ɗauki sungumi yana sara a gaba, ƙura tana tashi daga kowane rami, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. In ƙoƙona ya ƙare in koma wajen Baba ya tsiyayo mini da hannunsa. Girgijen jiya ya tafi, rana ta fito tun da wuri da zafinta. Har muka kai ƙarshen gonar, Yaya sara kawai yake yi kamar yana faɗa da ƙasar. Ni kuwa raina a ɓace yake da shi, da mai shago, da Baba, da kowa.

A wani zuwa da na yi wajen Baba karɓar iri, na ɗebi cikin tafi ɗaya na zuba a aljihun rigata. Na ce a raina ko da komai ya lalace, wannan ya isa a ta da iri a bayan gida.

Da muka gama Baba ya girgiza goran ya ji ba komai, ya kira ni. Na matso. Ya kama gefen rigata, ya bi da hannu har ya kai aljihun, ya tsaya.

Ya ce, "Na san ka. Juye."

Na ce, "Baba, ko don gaba."

"Ba ka yarda da ni ba, na sani. Amma ba za ka ɓoye mini geron ubana a aljihu kamar na sata ba. Juye."

Na juye masa a tafinsa. Ya ce in faɗa wa wancan ya ƙara sara. Ya miƙe da kansa, ina riƙe da gwiwar hannunsa, yana laluben ramin da yatsan ƙafa, ya jefa, ya rufe da diddigensa, har ƙwayar ƙarshe. Sannan ya karkaɗe tokar hannunsa ya yi addu'a, muka shafa.

Tun daga ranar Yaya ya zare wayar wufar, ya rufe ta da tsohon zane. Abokansa suka yi ta zuwa suna komawa. Bangon ya yi shiru. Baba ya ce ba komai, haka hadari yake yi in ya matso. Kullum in zan tafi makaranta sai na bi ta gona, ina ganin sawun zabi a kan layukan, da tururuwa sun ja hanya. Na riƙa roƙon Allah ɗayan abu biyu: ko ya saukar da ruwa mai yawa, ko kada ya saukar da komai tukuna.

Sai aka yi yayyafi. Wata la'asar ce, ɗan girgije ya biyo ta kanmu ya yayyafa abin da ya kwantar da ƙura, ƙasa ta yi ƙamshi, yara suka fita suna tsalle. Ban taɓa jin haushin ƙamshin ƙasa ba sai ranar. Ba a daɗe ba geron ya fito, tsiro siriri kore shar, layi-layi. Baba ya sa na kai shi, ya tsuguna yana shafa su da bayan yatsa, yana cewa, "Ka gani? Ka gani?" Na ce na gani, Baba.

Daga nan sama ta bushe. Rana ta riƙa fitowa tun safe ba abin da ya tare ta. Ni da Yaya muka shiga jigilar ruwa a jarkoki a kan babur muna zuba wa layukan da ke kusa da ɗorawa, ƙasa tana shanyewa kafin mu juya baya. Rijiyar unguwa ta koma laka, mata suka fara magana, kuma da gaskiyarsu, ba za a hana yara sha don gero ba. Tsiron ya fara naɗewa da rana yana warwarewa da safe, daga baya ya daina warwarewa. Ya yi ruwan ɗorawa, ya yi fari, ya kwanta. Kullum Baba yana tambayata gona, ina ce masa da godiya. Wata safiya ya ce ya gaji da godiyata, in kai shi. Ya tsuguna ya shafa, abin ya murmushe a yatsunsa. Ya matsa gaba ya tona da hannu ko akwai ƙwayar da ba ta tashi ba, ya samu ɓawo kawai. Ya bi layi guda yana tonawa har rana ta yi zafi, ban iya hana shi ba.

Da azahar ta wuce ya kira ni ɗakinsa. Ya ce, "Sama fa?"

Na ce, "Fes take, Baba."

"To yau akwai wuta ke nan. Ka ce wa wancan ya kunna akwatin."

Ya jingina da bangon. Na zagaya na faɗa wa Yaya, ya yaye zanen, ya mayar da waya, ya sa fim ɗin jiragen nan. Na dawo. Baba ya rufe idanun da dama ba sa gani. Can ya ce, "Ce masa ya kashe." Na ruga na faɗa, aka kashe. "Ya kunna." Aka kunna. Sai ya miƙa mini hannu ya ce in kai shi.

Na zaci ƙofar gida yake nufi, sai na ga ya juya wajen sashen Yaya. Matar Yaya ta gan mu ta saki tsintsiya ta shige ɗaki. A bakin ƙofar ya ɗan tsaya, sannan ya cire takalmi ya shiga. Yaya ya manne da bango, kansa a ƙasa. Na kai Baba kusurwar, ya durƙusa ya ɗora tafinsa a kan wufar tana ruri, ya shafa samanta, ya shafa gefenta, ya auna tsayinta da hannu.

Ya ce, "Ashe ma ɗan ƙarami ne."

Bai yi wa kowa faɗa ba. Da muka koma ya sa na janye buzunsa daga bangon gabas na shimfiɗa a tsakiyar ɗaki. Washegari Yaya ya ɗaure wufar a babur ya mayar Rano, ya dawo da sifikokin baya guda biyu waɗanda har yau ban ga ya ɗaura su ba.

Ruwan shuka na gaskiya ya zo a makare. Da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso, mata suna ta kwashe shanya, awaki suna gudu gida. Cida ake yi tun daga nesa, irin wanda ake ji a tafin ƙafa. Na shiga wajen Baba da gudu. Yana zaune a tsakiyar ɗaki, goran a kan cinyarsa, tafinsa ɗaya a ƙasa. Na tsaya ina jira ya ce an fara motsi a gabas.

Ya juyo ya ce, "Kai ne? Wannan rugugin na sama ne, ko na ɗakin wancan?"

Na durƙusa na ce, "Na sama ne, Baba! An mayar da akwatin!"

"Ka tabbata?"

Na kama hannunsa na kai shi bakin ƙofa, na miƙa tafinsa waje, manyan ɗigo suka fara sauka a kai. Ya bar hannun a nan har ruwa ya gangaro masa zuwa gwiwar hannu. Sannan ya miƙo mini goran ya ce gobe in je Rano in auno iri.

Na ce, "Wane iri, Baba? Gero?"

Ya ce, "Duk wanda suka ba ka."